Inshorar fam 700 da ta jawo aka ɗauke min mota a Birmingham

Jiya bayan sallar isha'i wani yaro ɗan Zariya da bai fi wata huɗu da zuwa ƙasar nan ba ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce Yaya don Allah duba min wannan, ya miƙo min wayarsa. Talla ce aka tura masa a WhatsApp, wai inshorar mota mai rahusa ga kowane irin direba, ko lasisin Najeriya gare ka babu matsala, ka tura kuɗi asusu a turo maka takarda cikin awa ɗaya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin wannan saƙon ne sak aka turo min a farkon 2023, ni kuma na biya. Na ce masa ƙanena kar ka tura ko sisi, ka bari mu zauna. Na dawo gida barci ya ƙi zuwa, shi ne na ce bari dai in rubuta abin nan gaba ɗaya ko wani zai tsira.

Mun zo Ingila a watan Satumba na 2022, uwargida ce ta samu karatu ni na biyo ta da yara biyu. Aikin da na fara samu a wani katafaren sito ne can bayan gari, aikin dare, ana tashi ƙarfe biyar na asuba, bas kuma ba ya zuwa wajen sai ka yi tafiyar kusan minti 25 a ƙafa cikin sanyin da ke shiga har ƙashi. Wata uku na yi ina haka na ga ba zan iya ba, na tattara ɗan abin da na tara na sayi wata tsohuwar Honda Jazz fam 1,800. Shekara 13 na yi ina tuƙi a gida, Kano zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Abuja, har Maiduguri na sha zuwa da kaina, ban taɓa buge ko akuya ba, don haka ko a raina ban kawo inshora za ta zama matsala ba. Na shiga shafukan nan da suke jero maka farashin kamfanoni, na cike komai tsakani da Allah, mafi arha da ta fito fam 3,400. Na ɗauka kuskure na yi, na sake cikewa, haka dai. Kuɗin inshorar shekara ɗaya ya kusa ninka kuɗin motar.

Mu da muka taso a Najeriya dole abin ya ɗaure mana kai, saboda a gida inshorar mota takarda ce da ake haɗa maka da sauran takardun mota a nuna wa jami'i a hanya. Naira 5,000 ce shekara da shekaru, sai daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta mayar da ita 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kuma kuɗin ɗaya ne ga kowa, da dattijon da ya shekara 30 yana tuƙi da yaron da ya karɓi lasisi jiya, babu mai tambayarka shekarunka ko unguwar da kake kwana. A nan kuwa kai suke yi wa kuɗi, mutum, motar kaɗan ce a cikin lissafin. Sai daga baya wani dattijo ɗan Gana da ya shekara fiye da 20 a nan ya fahimtar da ni, ya ce ɗana, ba ruwansu da fam 1,800 ɗinka, abin da suke tsoro shi ne ka bugi mutum ya nakasa har ƙarshen rayuwarsa. Kuma gaskiya ya faɗa, a dokar ƙasar nan diyyar rauni ko rai ba ta da iyaka, kamfani zai biya ko miliyan nawa kotu ta yanke, ta dukiya kuma dole ta kai aƙalla fam miliyan 1.2. To idan kwamfutarsu ta duba ta ga ba ta san ka ba, ba ka da tarihi a ƙasar, lasisinka na waje ne, sai ta jefa ka layin waɗanda suke ganin kasada ne a ɗauke su.

Abubuwan da suke dubawa suna da yawa: shekarunka, yaushe ka samu lasisi kuma na ina ne, tun yaushe kake zaune a Birtaniya, aikinka, lambar unguwarku, inda motar take kwana, mil nawa kake ci a shekara, da rukunin motar, don sun raba motoci rukuni 1 zuwa 50. Sai babban cikinsu, wato rangwamen shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, wanda ni nawa sifiri ne don shekaru 13 ɗina na gida babu takardar da za su karɓa a kai. Maganar unguwa ita ce har yau take ci min rai. Mu baƙi ina muke samun haya in ba cikin gari inda gidaje suka fi sauƙi ba, can ne kuma ake yawan satar mota da karo, sai a ɗora maka laifin da ba kai ka yi ba. A 2022 ƙungiyar Citizens Advice ta fitar da bincike cewa mazauna unguwannin da baƙar fata da 'yan Asiya suka fi yawa suna biyan fiye da na sauran unguwanni. Kamfanoni sun ce su ba sa tambayar launin fata, toh ba sa tambaya, amma lambar unguwa tana faɗa musu abin da ba su tambaya ba.

Ina cikin wannan damuwar wani da muke aiki tare ya ce ai akwai mutuminsu, dillali ne, shi ya yi wa kusan kowa. Na yi masa magana, mutum mai ladabi, yana ta ranka ya daɗe yana insha Allahu, ya ce in turo hoton lasisi da lambar mota da fam 700. Da yamma takarda ta shigo, da tambarin kamfani sananne da sunana da komai. Har na shiga shafin askMID inda ake duba ko mota tana da inshora, na sa lamba, ya nuna tana da ita. Na yi hamdala, na ce wa uwargida Allah ya kawo mana sauƙi.

Abin da ban sani ba, kuma shi nake so kowa ya gane, inshorar ta gaske ce ya saya, amma da bayanan ƙarya. Ya sa adireshin wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba, ya ce lasisina na Birtaniya ne na shekaru, ya ƙirƙiro min rangwamen shekara tara, imel da lambar waya kuma nasa ya sa, saboda haka duk wasiƙar da kamfani ya aiko yana neman hujja ba ni take zuwa wa ba. Da suka gaji da jira suka soke ta, ni kuwa ina ta yawo da takarda a aljihun mota ina kai yara makaranta. Turawa dillalan fatalwa suke ce wa irin waɗannan mutanen, wasunsu ma ba sa sayen komai, takardar kawai suke haɗawa a kwamfuta, wasu kuma su saya su turo maka sannan su soke su karɓe kuɗin.

Wata asuba a watan Mayu ina dawowa daga aiki, na fito daga wani shataletale kenan sai na ga shuɗiyar fitila tana walƙiya a madubi. Na gangara gefe na tsaya, hannuna har rawa yake a kan sitiyari duk da na san ban yi gudu ba. 'Yar sanda ce ta zo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce kyamarar motarsu ta karanta lambata ta nuna babu inshora. Na yi sauri na buɗe aljihun mota na zaro takardar da na buga na sa a leda don kar ta jiƙe, na miƙa mata da ƙarfin gwiwata. Ta haska da tocila, ta koma mota ta yi 'yan mintuna, ta dawo ta karanto min wani adireshi ta ce nan kake zaune? Na ce ban san wurin ba. Ta ɗan yi shiru, ta ce an soke wannan tun watan Maris, sannan ta tambaye ni a ina na saya, da na ce a WhatsApp sai ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba ji. Ta ce in kwashe kayana. Na ɗauko kujerar yaro daga baya, da kular abincina, da dardumar sallah, na tsaya a bakin titi ina kallo janwe ya zo ya ɗora motar ya tafi da ita. Haka na taka zuwa tashar bas rungume da kujerar yaro, gari yana wayewa, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

A dokar nan tuƙi babu inshora laifi ne ko ka sani ko ba ka sani ba. Tarar fam 300 da makin laifi 6 a kan lasisi, lambar laifin IN10, in kuma aka je kotu tarar ba ta da iyaka kuma za su iya hana ka tuƙi. Daga baya na ji cewa wanda aka damfara zai iya zuwa kotu ya kawo hujja ya roƙi kar a sa masa makin, wani lokaci alƙali ya karɓa, amma ni a lokacin tsoro ya cika ni, ina tunanin biza da yara, na biya kawai. Duk wanda abin ya same shi don Allah ya nemi shawarar lauya kafin ya sa hannu a komai. Fito da motar ma wani aiki ne, fam 192 na janwe, fam 26 kowace rana da ta kwana a wurinsu, kuma ba za su sake ta ba sai ka kawo inshorar da ta yarda da fito da motar da aka kama, wadda ba kowane kamfani yake yi ba, ta kwana 30 na saya da tsadar da ba na son tunawa. In ka yi sakaci sati biyu suka wuce suna iya sayar da ita ko su murƙushe ta. Shi kuwa dillalin nan na WhatsApp tun ranar lambarsa ta daina shiga.

Toh daga nan ne na zama direban kasada na gaske. Da can baƙo ne kawai ni, yanzu ga maki 6, ga IN10 wadda kamfanoni suka tsana kusan fiye da laifin gudu, ga kuma tambayar nan da ke cikin kowane fom, an taɓa soke maka inshora? Makin shekara 4 yake yi a kan lasisi, kamfanoni kuma na shekara 5 suke tambaya, amma tambayar sokewa yawancinsu ba su sa mata wa'adi ba, an taɓa kawai suke cewa. Na koma shafukan kwatanta farashi na faɗi gaskiya, kamfanoni da yawa suka ƙi fitowa sam, waɗanda suka fito kuma fam 6,000 ne 7,000 ne. Ga shi lasisin Najeriya wata 12 kawai ake yarda ka yi tuƙi da shi daga ranar da ka zama mazauni, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu, dole ka nemi na koyo fam 34, ka yi jarrabawar kwamfuta fam 23, ka yi ta kan titi fam 62, ban da kuɗin mai koyarwa wanda shi ne mai cin kuɗin. Na faɗi a karon farko saboda duba madubi, na ci a na biyu a watan Oktoba. Makin nan kuma ya biyo ni kan sabon lasisin, ga dokar sababbin direbobi ta 1995 da ta ce wanda ya kai maki 6 cikin shekara 2 da cin jarrabawa a karɓe lasisinsa ya koma farko. Ni da na shigo da 6 ɗina, ko maki 3 na gudu aka ƙara min shikenan. Shekara biyu cur na yi ina tuƙi ido a kan allon gudu, ana yi min hon a baya ban kula ba.

Abin da ya fitar da ni, na farko na daina dogara da shafukan intanet kaɗai na ɗauki waya. Akwai dillalai na gaskiya da aikinsu kenan, masu maki da waɗanda aka taɓa hana tuƙi da masu lasisin waje, ƙungiyar dillalai ta BIBA tana da layin da za ta haɗa ka da su, kuma kowane dillali na gaskiya za ka ga sunansa a rajistar hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, in babu shi a ciki ka gudu. Matar da ta ɗauki wayata ta saurari labarin tun daga farko, ta ce in turo hirarmu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi da lambar rahoton da na kai na zamba, da su ta je ta samo min kamfani a kan fam 4,100, da sharaɗin a sa min baƙin akwati.

Baƙin akwatin nan wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana da aka liƙa a gilashin gaba tana haɗe da manhaja a waya, tana auna gudunka, yadda kake taka birki, yadda kake shan kwana, da lokacin da kake fita. Matsalata da ita tuƙin dare, don a lissafinsu dare ya fi haɗari, ni kuma aikina na dare ne, kullum makin da akwatin yake ba ni a nan yake zubewa komai kyan tuƙina. Sai da na roƙi a mayar da ni aikin rana, na rasa ƙarin kuɗin dare, amma da na buga lissafi hakan ya fi. Mai aikin dare ya tambaya da kyau kafin ya karɓi akwatin nan, don in makinka ya yi ƙasa sosai suna iya soke inshorar, ka ga an koma gidan jiya. Amma ba zan ɓoye ba, ta gyara min tuƙi, na daina manne wa motar gabana irin yadda muka saba a Kano, na koyi sakin totur tun daga nesa in na hango danja.

Wani abin mamaki, inshora kala uku ce a nan, akwai ta biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai wadda muke ce wa tad fati a gida, akwai wadda ta ƙara da gobara da sata, akwai kuma cikakkiya da take gyara har taka motar. Kowa zai ɗauka ta farkon ta fi arha, ni ma ita na fara nema, amma sau da yawa cikakkiyar ce take fin sauƙi, saboda kamfanoni sun lura masu kasada su suka fi rububin ta farkon sai suka tsauwala mata kuɗi. A gwada duka ukun. Sai kuma kason da kake yarda za ka fara biya daga aljihunka in an yi karo, in ka ɗaga shi farashi yana sauka, amma kar ka sa fam 1,000 alhali ba ka da ita a ajiye, kuma motar ma gaba ɗaya nawa take.

Biyan wata-wata kuma bashi ne suke ba ka da kuɗin ruwa a kai, mutane da yawa ba su san haka ba, suna ganin kamar an raba musu ne kawai. Ni raina bai kwanta da shi ba, ga riba ga ƙarin kuɗi a kan wanda dama ya yi yawa. Mu shida muka haɗa adashi, zubin fam 300 duk wata, kowa aka sa kwasarsa ta faɗo watan da inshorarsa take ƙarewa, in ka haɗa da ɗan abin da ka ajiye sai ka biya ta shekara a dunƙule. Shekara ta uku kenan muna yi, ba a taɓa samun wanda ya saɓa ba. Kuma kar a jira sai ranar ƙarshe, in ka nemi farashi kamar sati uku kafin ta ƙare ya fi sauƙi a kan ka nema ana gobe.

Akwai dabaru biyu da nake ji 'yan'uwa suna ba juna a bakin masallaci, ina roƙo a daina. Ɗaya a sa sunan wani mai tsohon lasisi a matsayin shi ne babban direba alhali kai ne kake jan motar kullum. Ƙara sunan gogaggen direba a matsayin na biyu halas ne in da gaske yana taɓa motar, har yana rage kuɗi, amma juya abin zamba ce, ranar da aka yi karo suka bincika za su soke, ku biyun ku shiga uku, shi da ya taimake ka ka ɓata masa suna. Ta biyu maganar amfanin motar. Masu aikin kula da tsofaffi da suke bi gida-gida, inshorar zuwa aiki da dawowa ba ta ɗauke ku ba, sai kun faɗa musu kuna zirga-zirgar aiki da ita, ƙarin ma sau da yawa ba shi da yawa. Masu kai abinci da kaya kuma tasu daban ce gaba ɗaya, ta ɗaukar kaya don kuɗi, in ɗan sanda ya tsayar da kai da jakar abinci a kujera kana kan inshorar gida, IN10 ɗin nan dai ita za a rubuta maka.

Abin da yake tayar min da hankali har yanzu in na tuna ba tarar ba ce. Wata biyu na yi ina ɗaukar 'ya'yana a motar da babu inshora, ina wucewa ta gaban makarantar firamare kullum da safe. Da Allah ya ƙaddara na bugi ɗan wani, hukumar MIB da aka kafa tun 1946 don biyan waɗanda marasa inshora suka raunata ita za ta biya, sannan ta juyo kaina ta nemi kuɗinta, bashin da har in mutu ba zan gama ba, ban da haƙƙin rai da zan ɗauka.

Bara ta sauko zuwa fam 2,600, bana na biya 1,700 kuma an cire akwatin, har yanzu ya ninka abin da yawancin mutane suke biya fiye da sau biyu, don a 2024 matsakaicin abin da ake biya a ƙasar fam 600 da 'yan kai ne. Sai 2028 zan daina ambaton IN10 a fom. Shi yaron Zariya ashe bai ma sayi motar ba tukuna, wata BMW ya gani a Facebook tana masa kyau. Na ce ya bar ta inda take, ya fara neman lasisin koyo a satin nan tunda watanninsa 12 suna tafiya kuma layin jarrabawa yana da tsawo, ranar Asabar bayan la'asar zai zo gida da lambobin ƙananan motoci uku mu sa kowacce a kwamfuta mu ga farashin inshorarta kafin ya ba kowa kuɗi. Uwargida ta ce za ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, wai tun da ya zo bai ci ba.